Inji ɗaya ya mutu, matuƙi ya juyo da mu Kano: sharhi a kan hidimar wani kamfanin jirgin sama

Mutumin Zariya da yake son zuwa Legas ta sama ba shi da zaɓi mai yawa. Ko dai ya gangara Kaduna, inda jirage ba su cika yawa ba, ko kuwa ya ɗauki hanyar Kano ta Tashar Yari da Kwanar Dangora ya je Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano, inda kamfanoni suka fi yawa kuma lokutan tashi suka fi sassauci. Yawancinmu idan muka zo zaɓen kamfani abu biyu muke dubawa, wato kuɗin tikiti da cika alkawarin lokaci. Amma Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma kamfanin jirgin sama ba a gane ingancinsa a ranar da komai ya tafi daidai. Wannan sharhi a kan wani kamfani ne na cikin gida wanda na shiga jirginsa daga Kano zuwa Legas da yamma, injinsa na dama ya daina ba da ƙarfi jim kaɗan bayan tashi, aka juyo da mu. Ban ambaci sunansa ba domin ƙorafina a kan wani ɓangare na hidimarsa yana gaban hukuma. Hukuncina a taƙaice shi ne ma'aikatansa na cikin jirgi sun yi abin a yaba, na ƙasa kuwa sun gaza ƙwarai.

Abin da ya shafi sayen tikiti da tantance fasinja ba shi da wani dogon bayani. Shafinsu na intanet ya karɓi kuɗi ba tare da wahala ba, layin auna kaya ya yi tafiya, an kuma kira mu shiga jirgi da ɗan jinkirin da duk mai bin jiragen cikin gida ya saba da shi. Jirgin mai inji biyu ne, ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike, kujerunsa sun ɗan sha jiki amma a tsaftace suke. Kujerata tana jikin taga ta hannun dama, bayan fiffike da kaɗan, saboda haka abin da zan faɗa a kan injin da idona na gani.

Muna cikin hawa, gidajen Kano ba su daɗe da ɓacewa cikin hazo ba, sai aka ji ƙara mai ƙarfi daga dama, ta sake maimaituwa, jirgin ya yi wata girgiza da ake ji har a ƙafa. Na ga harshen wuta ya fito ta bayan injin ya ɗauke nan take. Daga nan sai sautin da aka saba ji daga ɓangarorin biyu ya koma na ɓangare ɗaya, hancin jirgin ya ɗan sauko daga yadda yake a miƙe, aka daina hawa da ƙarfi. Salati ya tashi daga gaba zuwa baya. Wani dattijo a layin bayana yana ta maimaita sunan Gwammaja, kuma duk wanda ya san Kano ya san abin da yake nufi. A ranar 4 ga Mayu, 2002, jirgin kamfanin EAS ƙirar BAC 1-11 da ya nufi Legas ya zarce ƙarshen titin tashi, injinansa suka shaƙi ƙura suka rasa ƙarfi, ya faɗa kan gidajen unguwar Gwammaja, mutum fiye da 100 suka rasu a cikin jirgi da ƙasa, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Fasinjan da ya tashi daga Kano da wannan tarihi a zuciyarsa yake tashi, kuma kamfanin da yake aiki a wannan fili ya kamata ya san haka.

Abu na farko da ya ba ni natsuwa ba daga matuƙi ya fito ba. Wani ma'aikacin cikin jirgi da ke zaune a kujerarsa ta baya ya taso yana dafa kawunan kujeru, ya leƙa tagar layinmu, ya tambaye mu a taƙaice ko mun ga wuta da kuma ta wane ɓangare. Da muka ce ta dama ce kuma ta mutu, sai ya koma ya ɗauki wayar da ke jikin bango ya yi magana da ɗakin matuƙa. Wanda bai san tarihin wannan aiki ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. A ranar 8 ga Janairu, 1989, wani jirgin British Midland ƙirar Boeing 737-400 da ya tashi daga Landan zuwa Belfast ya sami karyewar ɗaya daga cikin fukafukan fankar injinsa na hagu, matuƙan suka kashe na dama mai lafiya bisa kuskure. Kyaftin ya sanar da fasinjoji cewa matsalar a injin dama take, alhali akwai fasinjoji da ma'aikata da suka ga wuta a na hagu, amma ba wanda ya kai maganar gaba domin kowa yana ganin matuƙi ya fi shi sani. Jirgin ya faɗi a gefen babbar hanya kusa da ƙauyen Kegworth a Ingila, mutum 47 suka mutu. Daga irin wannan masifa ne aka ƙarfafa koyarwar cewa duk ma'aikacin da ke cikin jirgi ido ne na matuƙi, kuma wajibi ne ya faɗi abin da ya gani ko da ba a tambaye shi ba. Ganin wannan matashi ya yi hakan ba tare da ruɗewa ba ya nuna mini cewa horon da aka ba shi ya zauna masa.

Bayan haka an yi shiru na wasu mintoci ba a ji komai daga matuƙi ba, kuma wannan shirun ne ya fi tayar wa mutane hankali. Na ji fasinjoji da dama daga baya suna kukan cewa an bar su cikin duhu. A nan ban goyi bayansu ba. Mu a Zariya mun taso muna ganin ƙananan jiragen koyo suna shawagi a saman Palladan da Samaru, domin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya tun 1964 take a garin nan, kuma da wuya a rasa wanda ya yi aiki a cikinta a unguwa. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi ritaya daga sashen gyaran jirage na kwalejin ya taɓa bayyana mini tsarin da ake ɗora kowane ɗalibi a kai: da farko ka riƙe jirgin ya ci gaba da tashi daidai, sannan ka san inda ka dosa, magana kuwa ita ce ta ƙarshe. Idan inji ɗaya ya mutu, ɗayan zai riƙa jan jirgin zuwa gefe, sai matuƙi ya taka feda ya daidaita shi. Daga nan matuƙin da mataimakinsa za su tabbatar da wane inji ne ya lalace, kowanne ya amince da bakinsa kafin a taɓa makunnin mai, su bi takardar matakan gaggawa layi bayan layi, su sanar da hasumiyar da ke kula da zirga-zirgar jirage, su lissafa nauyin jirgi da tsawon titin da za su buƙata. Matuƙin da ya bar wannan ya kama yi wa fasinja jawabi bai yi mana gata ba.

Da ya zo yin maganar kuwa, ya yi ta yadda ya kamata. Ya faɗi cewa injin dama ya sami matsala kuma sun kashe shi, cewa jirgin yana iya tafiya da sauka da inji ɗaya, cewa za mu koma Kano, kuma za mu ga motocin kashe gobara a gefen titi, kada hakan ya tsorata kowa. Bai ɓoye ba, bai kuma ƙara gishiri ba. Abin da ya faɗa gaskiya ne a ilimance: ba a ba jirgin fasinja mai inji biyu takardar izinin aiki sai an tabbatar zai iya ci gaba da tashi da hawa ko da inji ɗaya ya mutu a daidai lokacin da yake gudu a kan titi ya wuce matakin da za a iya tsayawa. Matuƙan kamfanoni kuma suna komawa na'urar kwaikwayon tuƙi kusan duk wata shida a jarraba su, kuma mutuwar inji tana cikin abin da aka fi maimaita musu. Ko duka injinan ne suka tsaya, jirgi ba ya faɗowa nan take, yana iya tafiya a iska yana saukowa sannu a hankali. A watan Agusta na 2001 jirgin Air Transat ƙirar Airbus A330 da mansa ya tsiyaye a saman Tekun Atlantika ya yi tafiyar kimanin kilomita 120 babu inji ko ɗaya, ya sauka a tsibiran Azores da mutum 306 a raye. A watan Janairu na 2009 Kyaftin Chesley Sullenberger ya sauke Airbus A320 a kan Kogin Hudson a New York bayan garken dinya ya shiga injinansa biyu, duka mutum 155 suka tsira.

Sai dai jawabin nan mai kyau da Turanci kaɗai aka yi shi, kuma wannan babban gibi ne da nake ɗora wa kamfanin, ba matuƙin ba. Jirgin da ya tashi daga Kano cike yake da 'yan kasuwa masu zuwa sarin kaya, da dattawa masu zuwa asibiti, da mata masu zuwa wajen 'ya'yansu, waɗanda da yawansu Turancin da ake yi da sauri ta lasifika ba ya shiga kunnensu. Wata tsohuwa da ke tsallaken layina ta riƙe carbi da hannu biyu tana kallon fuskokin mutane domin ta karanci abin da aka ce. Wata ma'aikaciya, wadda na fahimci ita kaɗai ce mai jin Hausa a cikinsu, ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Inji ɗaya ne ya tsaya, ɗayan lafiyarsa ƙalau, Kano za mu koma. Ki bar bel ɗinki a ɗaure, in sha Allahu lafiya za mu sauka." Tsohuwar ta ce, "To, 'yata, Allah Ya yi miki albarka." Daga nan ma'aikaciyar ta bi layi-layi tana maimaita wannan bayani, tana nuna yadda za a sunkuyar da kai idan an ba da umarni, tana gargaɗin kada kowa ya ɗauki jaka idan aka ce a fita da gaggawa. Ta yi wannan ne don ƙashin kanta, domin babu alamar tsarin kamfani ne. Da ba ta cikin wannan jirgi a ranar, da kaso mai yawa na fasinjoji ba su san me ake ciki ba. Bayanin tsira da fasinja bai fahimta ba daidai yake da wanda ba a yi ba, kuma naɗar sanarwar gaggawa da Hausa domin jiragen da ke tashi daga Kano, Kaduna, Sakkwato ko Maiduguri ba abu ne mai tsada ba.

Abin da na fi yaba wa matuƙin a kansa shi ne juyowar da ya yi ba tare da jinkiri ba. Na ji wani fasinja yana gunaguni bayan mun sauka, wai tunda an ce jirgi yana tafiya da inji ɗaya, me ya hana a ƙarasa Legas, ga shi yana da ganawa da safe. Amsar wannan tana cikin rahoton haɗarin jirgin kamfanin Dana. A ranar Lahadi 3 ga Yuni, 2012, jirgin ƙirar MD-83 ya tashi daga Abuja zuwa Legas. Rahoton ƙarshe da hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta fitar a 2017 ya nuna cewa injin farko ya rasa ƙarfi minti 17 bayan tashi, matuƙan ba su bi takardar matakan da aka tanada ba, ba su ɗauki matsalar da girman da ya kamata ba, ba su kuma sauka a fili mafi kusa ba. Suka ci gaba da tafiya har suka doshi Legas, inda inji na biyu shi ma ya ƙi amsawa. Jirgin ya faɗa unguwar Iju-Ishaga, duka mutum 153 da ke ciki suka rasu tare da wasu a ƙasa. Inji ɗayan da ya rage tanadi ne na kai mutane fili mafi kusa, ba na cika alkawarin tafiya ba, domin abin da ya kashe na farko, idan gurɓataccen mai ne ko kuskuren gyara, yana iya kasancewa a jikin na biyu. Juyowa tana ci wa kamfani kuɗin mai da na wani jirgi da ɓacin suna, saboda haka matuƙin da ya juyo ba tare da ɗar-ɗar ba alama ce ta cewa ba a matsa masa ya fifita riba. Wannan maki ne na gaske ga kamfanin.

Saukar ta yi ɗan nauyi amma a miƙe take. Jirgin ya tsaya a kan titi, 'yan kwana-kwana suka zagaye shi suka duba injin da tayoyi, domin birki yakan yi zafi ƙwarai idan jirgi ya sauka da man da bai ƙone ba, sannan aka ƙarasa da mu wurin tsayawa muka sauko ta matakala kamar kullum.

Daga ƙofar ɗakin jira ne hidimar ta lalace. Aka shigar da mutanen da suka gama ganin mutuwa da idonsu aka zaunar da su, babu wani babban jami'in kamfani da ya fito ya tsaya a gabanmu. Yaran da ke kan kanta, waɗanda su ma ba a gaya musu komai ba, su aka bari da fushin jama'a, amsarsu ɗaya ce, wai a jira sanarwa. Akwai dattawa masu hawan jini, akwai mace mai juna biyu da jikinta yake rawa, amma ba a kira ma'aikacin lafiya ya zagaya ba sai da fasinjoji suka ɗaga murya. Ruwan sha da biskit sun zo bayan an daɗe. Kayanmu ma sai da aka yi ta kai da komo kafin a fito da su. Can dare ya yi nisa sai saƙo ya shigo wayoyinmu cewa an ɗage tafiya zuwa washegari saboda dalilan aiki. Mutanen da suka ji ƙarar da kunnensu, suka kuma ji kyaftin ya faɗi gaskiya da bakinsa, su ne ofis yake rubuta wa dalilan aiki. Wannan ɓoye-ɓoye yana zubar da amanar da ma'aikatan sama suka gina, yana kuma buɗe ƙofar jita-jita, domin kafin gari ya waye labarin da ke yawo a WhatsApp ya koma cewa jirgin ya kama da wuta gaba ɗaya.

Maganar masauki ita ta fi shafar irinmu da muka zo daga nesa. Ɗan Kano zai hau adaidaita sahu ya koma gida. Wanda ya zo daga Zariya, Funtuwa ko Dutse ba zai kama hanya da tsakar dare ya sake dawowa da asuba ba. Dokokin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, a kashi na 19 da ya shafi kare haƙƙin fasinja, sun tanadi abin sha da na taɓawa idan jinkiri ya yi tsawo, da masauki tare da abin hawa idan jinkirin ya shiga tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, da kuma mayar da kuɗin tikiti ga wanda ya fasa tafiya, cikin kwana 14 idan ta banki ya biya. Ba wanda ya karanta mana wannan haƙƙi. Waɗanda suka san dokar suka dage an kai su otal, waɗanda ba su sani ba suka shimfiɗa ɗankwali da darduma a kan benci. Ni na kwana a gidan ɗan'uwa a Kurna, amma na bar tsohuwar nan da aka yi wa bayani a jirgi tana zaune da jakarta a kan cinya tana jiran jikanta ya zo daga wani gari. Haƙƙin da sai mai baki ne yake samunsa ba a ba da shi bisa adalci ba, kuma a kan wannan ne na shigar da ƙorafi a teburin kare haƙƙin fasinja na NCAA da ke filin jirgin.

Akwai ɓangaren da fasinja ba ya gani, wato gyara. Inji yakan mutu saboda dalilai da yawa: tsuntsu kamar shirwa ko balbela ya faɗa ciki, musamman a filayen da ke kusa da juji ko mahauta, ruwa ya shiga man jirgi, fiffiken fanka ya tsage saboda gajiyar ƙarfe, ko man shafawa ya ragu har matuƙi ya kashe injin da kansa kafin ya lalace. Wasu daga cikin waɗannan ba laifin kowa ba ne, wasu kuwa sakaci ne tsantsa. Tsufan jirgi shi kaɗai ba hujja ba ce, domin tsohon jirgin da ake bi da shi bisa littafin masana'anta ya fi sabon da ake yi wa ƙwauron kayan gyara. Amma kamfanonin ƙasar nan da naira suke sayar da tikiti, kayan gyara da manyan duba kuwa da dala ake biya, sau da yawa ma a ƙasashen waje, kuma wannan matsi ne ya sa idon hukuma yake da muhimmanci. Doka ta wajabta wa kamfani ya kai rahoton kashe inji a sama ga NCAA, sannan Hukumar Binciken Haɗurra ta Najeriya, NSIB, wadda ta gaji tsohuwar hukumar binciken haɗurran jiragen sama, AIB, a 2022, tana binciken manyan aukuwa tana wallafa sakamako. Kamfanin da ya yarda da gyaransa babu abin da zai hana shi aiko wa fasinjojin wannan jirgi da gajeren bayani na abin da injiniyoyinsa suka gano. Har yau saƙon da ya biyo baya daga gare su na tallan rangwamen tikiti ne.

Washegari sun kawo wani jirgi, ya tashi a kan lokaci, muka isa Legas lafiya, kuma ba a nemi ƙarin ko sisi daga wanda ya ci gaba da tafiya ba. Wasu daga cikin abokan tafiyarmu sun fasa, sun ce mota za su bi, duk da cewa hanyar Kano zuwa Legas ta mota ta fi jirgi cin rayuka nesa ba kusa ba.

Idan aka tambaye ni ko zan sake shiga jirgin wannan kamfani, zan shiga, saboda matuƙin da ya juyo da ma'aikatan da suka san aikinsu, waɗanda su ne ainihin abin da kuɗin tikiti yake saya. Amma ba zan sa tsoho ko mara jin Turanci a jirginsu shi kaɗai ba sai sun gyara maganar harshe, kuma ina ba duk wanda zai taso daga Zariya shawarar ya zaɓi jirgin safe maimakon na yamma, ya adana shaidar biyan kuɗinsa da katin shiga jirgi, ya kuma nemi teburin NCAA tun kafin ya bar filin idan aka ɗage tafiya ba a ba shi masauki ba.